Tafiya zuwa gonakin inabin Cape, da abin da ke bayan fararen gidajen

A bakin ƙofar gonar Klein Constantia, tafiyar kusan rabin awa a mota daga tsakiyar birnin Cape Town, akwai wani ƙaramin hubbare a inuwar itatuwa. A nan aka binne Shehu Abdurrahman Matebe Shah, ɗaya daga cikin manyan mutanen da Turawan Holan suka kamo daga yankin Sumatra, suka sauke su a wannan gaɓa a ɗaure cikin 1668. Layukan inabi sun taso har kusa da hubbaren. Daga wannan kwari ne ake ɗibar giyar da ake kai wa Napoleon lokacin da yake tsare a tsibirin Saint Helena. Motocin 'yan yawon buɗe ido kan wuce ta gefen hubbaren su nufi ɗakin ɗanɗana giya, Musulmin birni kuma kan tsaya, su tuɓe takalma su shiga su yi addu'a.

Duk mai shirin zuwa gonakin inabin Afirka ta Kudu ya kamata ya san wannan kafin ya yanki tikiti. Takardun talla za su nuna masa duwatsu, da fararen gidaje masu rufin ciyawa, da mutane riƙe da kofin gilashi. Duk gaskiya ne. Amma ƙasar tana da wani labarin, na bayi da malamai da 'yan ƙwadago da ruwa, kuma a ganina wannan ne ya cancanci kuɗin jirgi. Sai dai ba ya zuwa wa mutum da kansa. Wanda ya miƙa wuya ga kamfanin yawon buɗe ido, gona biyar za a zagaya da shi a wuni ɗaya, ya dawo masauki bai ga komai ba sai tebur da kwalabe.

Tambayar da ke gaba da kowace

Mafi yawan masu karanta wannan Musulmi ne, don haka ba za a tsallake maganar ba. Waɗannan gonaki, galibinsu, giya suke yi. Haramcinta bai tsaya kan mai sha kaɗai ba, ya haɗa da mai matsawa da mai dako da mai sayarwa da mai cin kuɗinta, kuma an hana zama a teburin da ake zagayawa da ita. Akwai wanda zai ce shi ko ƙofar irin wannan gona ba zai taka ba. Yana da hujjarsa, kuma babu mai ikon raina masa. Akwai wanda zai shiga lambu da gidan tarihi da filin gona ya kauce wa ɗakin sha. Kowa ya tambayi malamin da ya amince da shi tun yana gida, kada ya bari sai yana tsaye a bakin ƙofa direba na jira.

Abin da zan iya faɗa shi ne, tsarin manyan gonakin ya raba waɗannan abubuwa. Wurin ɗanɗana giya daban, kuɗinsa daban, ba kuma dole ba ne. Ana iya kwana biyar a yankin ana koyon noma da tarihi ba tare da an zauna kusa da kwalba ba. Ga wanda addininsa bai hana shi sha ba, tsarin tafiyar bai canza sosai ba, illa dai ya tabbatar ba shi ne zai riƙe sitiyari ba.

Wane wata?

Yanayin Cape ya saɓa wa duk abin da muka saba. Ruwansu da sanyi yake zuwa, daga Yuni zuwa Agusta, lokacin zafi kuma sama a bushe take. Wannan shi ne sirrin inabinsu: 'ya'yan suna nuna a lokacin da babu ruwan da zai ruɓar da su, ga kuma wata iska mai ƙarfi da ke kaɗowa daga kudu maso gabas tana busar da ganye tana rage cutar fumfuna.

Girbi kan fara daga ƙarshen Janairu ya kai Maris, wani wuri har Afrilu. Mai son ganin gona tana aiki, Fabrairu zai nufa. Tun duku-duku ake yanka, kafin rana ta ɗumama 'ya'yan, taraktoci na jan akwatuna zuwa wurin matsa. Zafi kan yi tsanani a garin Paarl, wani lokaci ya doshi maki 40. Daga tsakiyar Disamba zuwa farkon Janairu hutun makarantu ne, masauki kan yi tsada ya kuma yi wuya, gara a kauce masa. Afrilu da Mayu ganye ke rikiɗa ya koma ja da ruwan ɗorawa, jama'a sun ragu, farashi ya sauka. Wanda kuwa noman ne ya kai shi, kada ya ji tsoron Yuli da Agusta. Kuranga ta zubar da ganye ta yi barci, a lokacin ake yi mata aski, kuma a askin ne gwanintar manomin inabi take. Ya dai tafi da rigar sanyi ta gaske, don ƙanƙara kan sauka a kan duwatsu.

Mai salla ya lura da abu biyu. A Disamba alfijir kan keto kafin ƙarfe huɗu, rana ba ta faɗuwa sai wajen takwas na dare, isha'i kuma sai bayan tara da rabi. Sannan alƙibla a can ba gabas take ba. Arewa ake fuskanta, a ɗan karkata gabas kaɗan.

Takardu da hanya

Mai fasfon Najeriya sai da biza, kuma ba a barin neman ta sai tafiya ta matso, domin takan ɗauki lokaci. Za a nemi shaidar masauki da tikitin dawowa da bayanin asusun banki, haka nan katin rigakafin cutar shawara wajibi ne. Masu fasfon Gana an ɗage musu biza ta gajeriyar ziyara tun Nuwamban 2023. Daga Legas zuwa Johannesburg kusan awa shida ne a sama, daga can zuwa Cape Town awa biyu. Wanda ya taso daga Kano zai iya bi ta Addis Ababa ya sauka Cape Town kai tsaye. Agogonsu yana gaban na Najeriya da awa ɗaya.

A hannun hagu ake tuƙi. Wanda bai saba ba gara ya ɗauki direba na wuni, ya kuma gaya masa tun farko abin da ya zo gani, domin yawancin direbobin sun saba da kai mutane wuraren sha ne. Idan aka sami direba Musulmi ɗan garin, an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya, don shi ya san masallatai da wuraren cin abinci. Kada a bi duk hanyar da taswirar waya ta nuna a kewayen filin jirgi, musamman da dare. A tsaya kan babban titi. Da yammacin Asabar da Lahadi kuma a yi hattara a hanyoyin karkara, saboda ba duk wanda ya wuni yana ɗanɗane ne ke miƙa makulli ga wani ba.

A fara daga birni

Shawarata a ba Cape Town kwana guda kafin a taka kowace gona, a kuma fara da tsohon gidan bayi da ke saman titin Adderley, wanda aka gina a 1679, yanzu ya zama gidan tarihi. Wanda bai shiga nan ba, zai kalli gidajen gonakin ne kawai ya ce sun yi kyau.

Kamfanin kasuwancin Holan na Gabashin Indiya ne ya turo Jan van Riebeeck ya kafa zango a nan cikin 1652, don jiragen da ke zuwa Asiya su sami ruwa da ganye da nama. An dasa inabin farko a 1655, aka matsa giyar farko ranar 2 ga Fabrairun 1659. Ƙasar kuwa tana da masu ita, wato makiyayan Khoikhoi, waɗanda aka yi ta ture su daga makiyayarsu, sannan cutar agana ta 1713 ta yi musu mummunar ɓarna. Inabi shuka ce mai cin hannu: dasawa, aski, ɗauri, cire ciyawa, yanka, dako. Turawan ba su da wannan hannun, sai suka sayo. A 1658 jirage biyu suka sauke bayin farko masu yawa, ɗaya ɗauke da mutanen Angola, ɗayan kuma, mai suna Hasselt, ya kwaso mutum fiye da 200 daga gaɓar Dahomey, nan maƙwabtanmu. Daga baya aka koma ɗebowa daga Madagaska da Mozambik da Indiya da tsibiran Indonesiya. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa kimanin mutum 63,000 aka kawo kafin a hana cinikin a farkon ƙarni na 19. An soke bautar a ranar 1 ga Disamban 1834, amma aka tilasta wa bayin ci gaba da yi wa iyayengijinsu aiki har 1838.

Sukan raɗa wa bawa sunan watan da aka saye shi. Shi ya sa har yau za ka haɗu da mutumin Cape wanda sunan gidansu September ko January ko April. A gonaki da dama kuma za ka ga wata 'yar farar hasumiya da ƙararrawa rataye a ciki. Baƙi na son ɗaukar hoto a gindinta. Ita ake kaɗawa a tashi bayi da asuba, ita ake kaɗawa a sallame su da almuru.

Daga gidan bayin, tafiyar ƙafa ce zuwa unguwar Bo-Kaap mai gidaje kala-kala, inda Masallacin Auwal yake tun 1794. Limaminsa na farko, wanda ake kira Tuan Guru, ɗan sarautar Tidore ne da aka tsare a tsibirin Robben daga 1780, ya kuma rubuta Alƙur'ani da ka yana tsare. Almajiran wannan gari sun rubuta harshen Afrikaans da baƙaƙen Larabci, yadda malamanmu suka rubuta Hausa da ajami, har aka buga littafin Abubakar Effendi na fiƙihu da wannan rubutu a Istanbul cikin 1877.

Constantia da Macassar

Groot Constantia ita ce uwar gonakin yankin. Gwamna Simon van der Stel ya mallake ta a 1685, kuma abin da ba a cika faɗa ba shi ne kakarsa ta wajen uwa 'yantacciyar baiwa ce daga Indiya. Babban gidan yanzu gidan tarihi ne, akwai kuma sashen da ya yi bayani kan bayin da suka yi aiki a gonar. A ba shi lokaci. Wata kwaɓar kuma ta zo daga baya: a farkon shekarun 1960 gwamnatin wariyar launin fata ta ayyana Constantia a matsayin unguwar farar fata, aka kwashe iyalan da suka daɗe suna noman furanni da kayan lambu a wurin, da yawansu Musulmi, aka watsa su a unguwannin rairayi na bayan gari. Masallatai da maƙabartu ne suka rage a matsayin shaida.

Kashegari a kama hanyar Stellenbosch, amma a ratse a Macassar, kusa da inda kogin Eerste ke faɗawa teku. A kan tudu akwai hubbaren Shehu Yusuf na Makassar, malamin da ya yaƙi Holan tare da Sarkin Banten. Suka kama shi a 1683, suka kai shi tsibirin Silon, da suka ga almajirai ba su daina bin sa ba sai suka turo shi nan a 1694 tare da mutum 49, suka ajiye shi a gonar Zandvliet, nesa da gari, don kada ya haɗu da bayi. Dabarar ba ta yi ba. Wurin ya zama matattarar bayin da suka gudu da masu neman karatu, har ya rasu a 1699. Musulmin Cape suna ɗaukarsa uban Musulunci a ƙasar, kuma duk shekara a hutun Ista suna kafa tantuna su taru a wurin. Na san mutanenmu sun saɓa kan ziyarar hubbare. Wanda ba ya yi, tudun kaɗai ya ishe shi: daga nan ana hango gonakin inabi a gefe ɗaya, unguwannin talakawa na kwano a ɗaya gefen, babu wani nisa a tsakaninsu.

Kusa da nan akwai gonar Vergenoegd, wadda ta yi suna da agwagi. Garke ne na agwagi fiye da dubu, dogaye masu tafiya a miƙe, ana sako su su shiga layukan inabi su tsince katantanwa da ƙwari, kashinsu kuma ya zama taki. Yara kan yi murna da kallon su, manomi kuma ya tsaya ya yi lissafin kuɗin maganin feshin da aka rage.

Stellenbosch zuwa Franschhoek

Stellenbosch, mai nisan kusan kilomita 50 daga Cape Town, an kafa shi a 1679, kuma nan ya fi dacewa a yada zango kwana biyu ko uku, don ko'ina kusa ne daga nan. Gari ne na jami'a da tsofaffin itatuwan oak, ana zagaya shi da ƙafa. A jami'ar nan ne Farfesa Abraham Perold ya haɗa irin inabi biyu a 1925 ya samar da Pinotage, irin da ƙasar ke tinƙaho da shi. A nan kuma wasu manoma uku suka ƙirƙiro hanyar zagayen gonaki ta farko a 1971, wadda duk harkar yawon ta samo asali daga gare ta. Akwai tsohon masallaci a titin Banhoek, a unguwar da ake kira Die Vlakte, inda aka tashi mazauna da ƙarfi a shekarun 1960. Juma'a a shirya ta a nan, ko a Paarl, ko a koma birni.

Daga Stellenbosch hanya ta hau ta mashigin Helshoogte ta gangara Pniël, ƙauyen da aka kafa a 1843 don 'yantattun bayi, jikokinsu ne ke zaune har yau. Yawancin motoci wucewa suke yi. A tsaya, akwai ƙaramin gidan tarihi kusa da coci. Gaba kaɗan sai Boschendal, sannan Franschhoek, kwarin da Faransawa 'yan Furotesta suka zauna daga 1688 bayan Sarki Louis na 14 ya soke dokar da ke kare addininsu. Ba su kai mutum 200 ba, amma sunayen gonakin har yau na Faransanci ne. Su ma 'yan gudun hijira ne da aka zalunta saboda addini, kuma cikin ɗan lokaci su ma suka mallaki bayi. Garin kyakkyawa ne, mai tsada, wuni ɗaya ya ishe shi. Ɗan jirgin ƙasan da ke zagaya gonakinsa an tsara shi ne don masu sha, wanda ba ya sha ba zai ƙaru da shi sosai ba.

Inda zan ce a kashe wuni cur shi ne Babylonstoren, tsakanin Franschhoek da Paarl. Gona ce tun 1692, amma lambunta sabo ne, mai shuke-shuke sama da iri 300, kusan kowanne ana ci ko ana magani da shi. An jawo ruwa daga rafi ta ƙananan magudanai yana bin gangara da kansa. Akwai itatuwan da aka horar suka kwanta a jikin waya kamar shinge, ga zuma, ga kaji da agwagi, ga wurin tara takin gargajiya. A bi zagayen safe da masu kula da lambun ke jagoranta, a yi ta tambaya, ba sa gajiya da amsawa.

A kan hanyar Paarl kuma akwai ƙofar gidan yarin Drakenstein, wanda a da ake kira Victor Verster. Ta nan Nelson Mandela ya fito ranar 11 ga Fabrairun 1990. Mutum-mutuminsa na tsaye a bakin ƙofar, gonakin inabi sun kewaye wurin ta ko'ina.

Ladan da ake biya da kofi

Akwai kalmar da ya kamata baƙo ya sani, wato dop. Tsari ne da ya faro tun zamanin bauta: ana ba ma'aikacin gona giya sau da yawa a wuni a matsayin wani ɓangare na ladansa. Mai gona ya rabu da giyar da ba ta sayuwa, ya kuma sami ma'aikacin da ba zai iya barin gonar ba, domin jaraba ta ɗaure shi fiye da igiya. An haramta shi a takarda tun farkon shekarun 1960, amma ya ci gaba a wasu gonaki har cikin shekarun 1990, dokar barasa ta 2003 ta sake jaddada hanin. Tsarin ya tafi, ɓarnarsa ba ta tafi ba. Binciken likitoci a garuruwa irin su Wellington ya gano cewa yawan yaran da ake haifa da lahani a ƙwaƙwalwa da jiki saboda uwa ta sha giya da ciki yana cikin mafi yawa a duniya. Waɗannan yara ba su zaɓi komai ba. Kakanninsu ma ba su zaɓa ba. Wannan ne ya fi tsaya mini a rai a duk labarin yankin, kuma ban ga yadda mutum zai yaba kyan gidajen ya yi shiru a kansa ba.

A 2011 ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto kan gonakin inabi da 'ya'yan itace na yankin, ta kawo labarin gidajen da ba su dace da ɗan Adam ba, da feshin magani babu kariya, da korar iyalai daga gonakin da aka haife su. A ƙarshen 2012 ma'aikatan gonakin De Doorns suka tsunduma yajin aiki, suka tare babban titi, aka ƙona gonaki, aka rasa rayuka. Rand 69 ake biyan su a wuni, suka nemi 150, gwamnati ta tsayar da 105 a farkon 2013. An sami gyara tun daga nan. Akwai ƙungiyar WIETA da ke duba yadda gonaki ke riƙe ma'aikata, akwai gonakin da ma'aikata ke da hannun jari, akwai baƙaƙen fata irin su Ntsiki Biyela da suka kafa kamfanoninsu. Amma ƙasar noman, in ban da kaso kaɗan ƙwarai, tana hannun da take tun da.

Baƙo ba zai gyara wannan ba. Abin da ke hannunsa shi ne ya zaɓi inda zai kashe kuɗinsa, ya tambayi mai zagayawa da shi ina ma'aikata ke kwana, ya nemi izini kafin ya ɗauki hoton mai aiki, ya kuma ba da tukuici ga wanda ya yi masa hidima. Kashi goma cikin ɗari shi ne al'ada a gidajen abinci.

Ci da sha

Abincin halal ba wuya a Cape Town. Ga bobotie na niƙaƙƙen nama da ƙwai a sama, ga bredie, ga sambusa, ga koesister da ake soyawa da safiyar Lahadi a barbaɗa kwakwa. A duba tambarin Majalisar Malamai ta MJC ko na SANHA a ƙofa. A gonaki kuwa sai an yi tambaya, domin masu dafuwar can suna zuba giya a miya da romo da kayan zaƙi, naman alade kuma yana cikin abincin yau da kullum. A tambaya ƙarara, ba sa jin haushi, sun saba. Mafi sauƙi a yi guzuri daga birni, a sayi burodi da cuku da zaitun da 'ya'yan itace a kantin gona. Ruwan inabi zalla wanda bai tsimu ba yana samuwa kusan ko'ina, musamman na irin hanepoot mai ƙamshi. A kula da kwalbar da aka rubuta an cire mata barasa: giya ce aka fara yi sannan aka tace, kuma takan rage ɗan kaɗan a ciki.

Abin da manomi zai ɗauko

Tsakanin 2015 da 2018 fari ya kama yankin har madatsar Theewaterskloof ta kusa ƙafewa. Daga Fabrairun 2018 aka taƙaita wa kowane mazaunin Cape Town lita 50 a rana, aka yanke wa manoma fiye da rabin ruwansu. Wasu suka tumɓuke tsofaffin gonaki. Waɗanda suka tsira su ne masu ban ruwa na ɗigo, da masu na'urar auna laimar ƙasa, da masu shuka hatsi ko wake tsakanin layuka su kwantar da shi ya rufe ƙasa. Wannan darasi ne da mai noman rani a Kadawa ko Kwanar Are zai gane da kallo ɗaya.

Wanda inabin ci ne damuwarsa, ya ƙara wuni guda ya bi babban titin N1 ta ramin Huguenot, mai tsawon kusan kilomita huɗu a cikin dutse, zuwa kwarin Hex, kimanin kilomita 140 daga birni. Nan cibiyar inabin ci ce, irin wanda ake jerawa a kwali a tura Turai da Gabas ta Tsakiya da kasuwannin Afirka. A nan za a ga kuranga a kan rumfa, da ragar da ke kare ta daga tsuntsu da ƙanƙara, da yadda ake rage 'ya'ya a nono ɗaya don sauran su yi girma, da ɗakin sanyin da ake kai kaya cikin 'yan awoyi bayan yanka. Manoman inabin Kudan a Jihar Kaduna, waɗanda ke tsara askin kurangarsu don ta nuna da rani, za su ga cewa tazarar da ke tsakaninsu da waɗannan ba a gona take ba sosai, a abin da ke biyo bayan yanka take. Gonakin nan ba na yawon buɗe ido ba ne, sai an rubuta an nemi izini tun kafin a taso. Zabibi kuwa can arewa ake yin sa, a gaɓar kogin Orange wajen Upington, wannan wata tafiyar ce daban.

A duba gindin kowace kuranga, za a ga ɗan kumburi sama da ƙasa kaɗan. Wurin aure ne, irin wanda muke yi wa mangwaro. Dalilinsa wani ɗan ƙwaro ne mai cin saiwa, phylloxera, wanda ya bi dashen da aka ɗauko daga Amurka ya shiga Turai a shekarun 1860, ya iso Cape a 1886 ya kashe gonaki masu yawa. A wannan karayar ce attajiri Cecil Rhodes ya saye gonaki irin su Boschendal ya mayar da su na 'ya'yan itace. Maganin da aka samu shi ne a ɗora irin da ake so a kan saiwar inabin Amurka wadda ƙwaron ba ya kashewa, kuma haka ake yi har yau.

Saboda haka duk yadda wani iri ya burge mutum, kada ya yanko reshe ya cusa a jaka. Ƙwaro da cuta ta haka suke ƙetare teku, kuma jami'an filin jirgi suna da ikon ƙwacewa. Mai son iri ya karɓi adireshin gandun da ke sayar da dashe mai shaida, in ya dawo gida ya nemi izinin shigo da shi daga hukumar da ke tantance tsirrai da dabbobi, a aiko masa da takardar lafiyar shukar.